Babi Na Shida: Ɗan Baduku Da Alƙalamin Da Aka Ce Ba Nasa Ba Ne

Akwai wata tambaya da ba ta barin bakin ɗalibai da malamansu, musamman waɗanda suka sha fama da Macbeth ko Julius Caesar a makarantar sakandare, ko suka karanta Daren Sha Biyu da Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar cikin Hausa, watau shin gaskiya ne abin da ake faɗa, cewa William Shakespeare ba shi ya rubuta wasannin da ake jingina masa ba? Wani zai ce ya ji wai wani basarake ne ya rubuta ya ɓoye sunansa, wani ya ce ai a majigi ya gani, wani kuma ya kawo maganar da aka ruwaito daga Mu'ammar Gaddafi a 1989, cewa mutumin Balarabe ne, sunansa na gaskiya Shehu Zubairu. Tun da yake mas'alar ta yi shekara fiye da 150 ana tafka ta, kuma waɗanda aka tsayar a madadinsa sun haura mutum 80, bai kamata a kore ta da dariya ba, bai kuma kamata a haɗiye ta ba tare da tauna ba. Abin da ya dace shi ne a zaunar da ita, a ji da'awa, a nemi shaidu, sa'an nan a ga abin da ya tabbata.

Mutumin da takardu suka nuna

A garin Stratford, wanda ke bakin kogin Avon, tafiyar kamar mil 100 arewa maso yamma da Landan, littafin majami'ar Holy Trinity ya nuna an yi wa wani jariri mai suna William wankan baftisma ran 26 ga Afrilu 1564. Ubansa John baduku ne, sana'arsa ɗinkin safar hannu ta fata, yana kuma taɓa fataucin ulu, har ya kai ga zama magajin garin a 1568, kafin daga baya arzikinsa ya karye. William ya yi aure yana ɗan shekara 18, ya auri Anne Hathaway wadda ta girme shi da shekara 8, suka haifi Susanna a 1583, da tagwaye Hamnet da Judith a 1585. Sai a 1592 aka ji ɗuriyarsa a Landan, sa'ad da aka buga wata ƙasida da sunan Robert Greene, marubuci mai digirin jami'a, yana zagin wani ɗan wasa sabon shiga wanda ya ɗauki kansa tsaran masu ilmi wajen tsara baiti, ya kuma murɗa sunansa yadda ba wanda zai kasa gane wanda yake nufi.

Sauran takardun da suka rage mafi yawansu na kuɗi ne. A 1597 ya sayi gidan da ake kira New Place, ɗaya daga cikin mafiya girma a Stratford. A 1604 ya kai wani maƙwabcinsa ƙara kan bashin tsiron sha'ir da bai kai fam 2 ba, a 1605 kuwa ya zuba fam 440 ya sayi rabo a cikin ushirin amfanin gona na yankin. Ya rasu ran 23 ga Afrilu 1616, ya bar wasiyya mai warƙa 3, wadda ya raba filaye da tufafi da kwanukan azurfa a cikinta, ya bar wa matarsa gadon kwanciya wanda ke bi wa mafi kyau na gidan.

To, a nan ne mai shakka ke tsayawa, kuma wajibi ne a yi masa adalci a faɗi maganarsa da ƙarfinta. Yana cewa: ga mutum ba jami'a ya je ba, ba takardar da ta nuna ya taɓa fita Ingila, babu wasiƙa ko ɗaya da ya rubuta da ta rage, wasiyyarsa ba ta ambaci littafi ko guda ba, 'yarsa Judith alama take yi maimakon sa hannu, shi kansa sa hannunsa 6 da aka samu haruffansu ba su zo daidai da juna ba. Ta yaya irin wannan mai lissafin kwabo zai zama shi ne ya san zaman fada da kalmomin shari'a da biranen Italiya da tarihin Rumawa, har ya zana zukatan sarakuna kamar a cikinsu aka haife shi? Lalle duk wanda ya ajiye Hamlet ya ɗauki takardar bashin sha'ir zai ji wani abu ya soke shi a rai. Sai dai abin da ya soki rai daban, abin da ya tsayu a matsayin hujja kuma daban.

Yaushe shakkar ta fara

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, tun daga zamanin mutumin har shekara fiye da 200 bayan rasuwarsa, ba a sami wanda ya tashi ya ce wani ne ya rubuta masa ba, alhali kuwa waɗanda suka zauna da shi, da masu hassadarsa, da waɗanda suka raina fasaharsa, su ne suka fi kowa damar tona asirin in da akwai shi. Shakkar 'yar ƙarni na 19 ce, kuma tana da iyaye sanannu.

Na farkonsu shi ne wuce gona da iri wajen girmamawa. A 1769 shahararren ɗan wasan nan David Garrick ya shirya biki na kwana 3 a Stratford don tunawa da Shakespeare, daga nan kuwa darajarsa ta yi ta hawa a idon Turawan Ingila har suka kusa fitar da shi daga jinsin mutane. Da masu bincike suka bazama neman tarihin wannan gwarzo, suna tsammanin su tarar da wasiƙu masu hikima da ɗakin karatu cike da littattafai, sai suka yi ta tono takardun bashi da na sayen fili. Ƙishirwar ta kai har wani saurayi, William Henry Ireland, ya zauna ya ƙirƙiro wasiƙu da rubuce-rubuce na jabu da sunansa, manyan mutane suka gaskata, sai da malami Edmond Malone ya fallasa shi a 1796.

Na biyu kuwa iskar zamani ce. A 1795 wani malamin Jamus, Friedrich August Wolf, ya yi talifi yana cewa waƙoƙin da ake jingina wa Homer na Yunanawa ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma irin wannan bincike ya bazu har ya shafi littattafan addinin Nasara. Wannan iska ce ta isa Misira daga baya, inda Ɗaha Husaini ya tayar da ƙura a 1926 da ya yi shakkar ingancin da yawa daga waƙoƙin jahiliyya. Har wa yau a cikin ƙarni na 19 ne mutane suka saba da ɗaukar kowane rubutu a matsayin madubin rayuwar mai shi, watau in mutum ya siffanta fada to bafade ne, in ya siffanta teku to ya yi aikin jirgi. Wannan zato, wanda marubutan zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko ba su san shi ba, shi ne ginshiƙin da kusan dukan da'awowin suka hau kansa.

Wadda ta fara fito da maganar sosai wata malama ce Ba'amurkiya, Delia Bacon, mace mai kaifin basira da iya lacca, wadda ta ƙetara zuwa Ingila a 1853, ta zauna cikin talauci da sanyi tana rubutu. Ta buga maƙala a 1856, da babban littafi a 1857, tana cewa wata jama'a ce ta manyan masana, cikinsu har da Francis Bacon da Walter Raleigh, suka tsara wasannin don su cusa wa talakawa ra'ayin siyasa na ƙin mulkin kama-karya, wanda ba su isa su faɗa a fili ba. Ta yi imani cewa hujjar tana cikin kabarin Stratford, har ta shiga majami'ar da dare riƙe da fitila, amma ta kasa ɗaga dutsen. Hankalinta ya taɓu, ta rasu a gidan masu jinya a 1859. Ni dai ban ga abin dariya a labarinta ba, domin ta karanta wasannin da zurfin da malaman zamaninta da yawa ba su kai ba, ta ga siyasar da ke cikinsu, kuma ta yi gaskiya a wannan. Kuskurenta ɗaya ne, da ta ɗauka ɗan wasa ba zai iya ganin abin da ta gani ba.

Masu farautar haruffa

Bayan ita sai aka taƙaita da'awar ga Francis Bacon shi kaɗai, masanin falsafa kuma babban alƙalin Ingila, wanda ya rasu a 1626. Da yake an san ya ƙago wata hanyar rubutun sirri tun yana saurayi, sai mabiyansa suka ce lalle ya ɓoye sunansa a cikin haruffan wasannin. Ignatius Donnelly, ɗan siyasar jihar Minnesota, ya buga littafi mai shafi kusan 1000 a 1888, yana ƙidaya kalmomi gaba da baya, yana tarawa yana ɗebewa, har saƙon da yake nema ya fito. Wani likita a Detroit, Orville Ward Owen, ya ƙera manyan gangunan katako guda biyu, ya liƙa shafukan littattafai a kan doguwar ƙyalle yana naɗewa daga wannan zuwa wancan, abin ya kai shi har ya je ya haƙa gindin kogin Wye yana neman akwatunan takardun Bacon, bai sami kome ba. Hatta marubuci kamar Mark Twain ya shiga sahun masu shakka da wani ɗan littafi a 1909.

Waɗanda suka rufe wannan ƙofa miji da mata ne, William da Elizebeth Friedman, waɗanda abin mamaki a wurin wani attajiri mai goyon bayan Bacon suka fara koyon warware rubutun sirri, daga baya suka zama manyan gwanayen fannin a gwamnatin Amurka. A 1957 suka bi hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, suka auna su da ƙa'ida mai sauƙi: saƙon sirri na gaskiya yana da mabuɗi tsayayye, wanda in aka ba mutum biyu da ba su san juna ba, za su fito da magana iri ɗaya. Ba ko ɗaya da ta tsallake. Hanyar da mai ita ke sauya ƙa'ida duk sa'ad da lissafi ya ƙi, za ta ba shi duk abin da ransa ke so, kuma tun zamanin Donnelly waɗansu suka bi tsarinsa suka fitar da jumlolin da ke ƙaryata shi.

Basaraken Oxford da mamacin Deptford

Wanda ya fi samun mabiya a yau shi ne Edward de Vere, basarake na 17 a sarautar Oxford. Wani malamin makaranta, J. Thomas Looney, shi ya gabatar da shi a 1920, kuma ya bayyana hanyarsa da bakinsa: ya fara jera siffofin da yake ganin dole mawallafin ya kasance da su, kamar zama ɗan sarauta, da son Italiya, da sakaci da kuɗi, sa'an nan ya shiga neman wanda suka dace da shi. De Vere ya dace ƙwarai. Ya tashi a gidan William Cecil, babban wazirin sarauniya, ya auri 'yarsa, ya zaga Italiya a 1575 zuwa 1576, 'yan fashin teku suka tare shi a hanyar dawowa kamar yadda aka yi wa Hamlet, ya kuma cinye gadonsa. Sigmund Freud ya karɓi wannan ra'ayi, an yi majigi a kansa a 2011, kuma manyan 'yan wasa irin su Derek Jacobi da Mark Rylance sun sa hannu a takardar bayyana shakka a 2007.

Amma fa de Vere ya rasu a watan Yuni 1604, alhali kusan sulusin wasannin bayan haka suka bayyana. The Tempest ya ɗebo daga labarin jirgin Sea Venture da ya tarwatse a tsibirin Bermuda a 1609. Henry VIII kuwa sabon wasa ne sa'ad da ake nuna shi ran 29 ga Yuni 1613, ranar da wutar igwa ta kama jinkar gidan wasa na Globe ya ƙone ƙurmus, kuma an rubuta shi ne tare da John Fletcher, wanda bai fara sana'ar ba sai bayan mutuwar basaraken. Mabiyansa sukan ce ai ya bar tarin rubutu ne aka riƙa fitarwa a hankali, sai dai wannan wata sabuwar da'awa ce da ita ma ke bukatar shaida. Sukan kuma ce abin kunya ne ɗan sarauta ya yi rubutun wasa, shi ya sa ya ɓuya. To, a 1598 wani malami, Francis Meres, ya buga jerin gwanayen wasan ban dariya na Ingila, ya sa basaraken Oxford a fili, ya kuma sa Shakespeare a cikin jerin nan guda a matsayin mutum daban, har ya lissafa wasanninsa 12. In da kunya ce, ga sunan basaraken nan an buga shi yana raye.

Batun marubucin wasa Christopher Marlowe, wanda shi ma aka tsayar a madadin Shakespeare, ba ya bukatar dogon bayani. An soke shi da wuƙa a Deptford ran 30 ga Mayu 1593, mai binciken gawa na fada da mutum 16 suka duba gawar, takardar binciken kuma an gano ta a 1925. Wani Ba'amurke, Calvin Hoffman, ya ce mutuwar shiri ce, har ya sami izni aka buɗe makwancin ubangidan Marlowe a 1956 don neman takardu, aka tarar da yashi.

A 1987 an shirya zaman shari'a na gwaji a Washinton, alƙalai 3 na kotun ƙolin Amurka suka saurari lauyan kowane ɓangare, suka yanke cewa masu da'awar Oxford ba su kawo abin da ya isa ba, ko da yake ɗayansu, John Paul Stevens, ya karkata gare su daga baya. Ƙa'idar da suka bi ita ce wadda alƙalanmu suka sani tun da, cewa kawo bayyina yana wuyan mai da'awa.

Isnadin da bai yanke ba

Malamanmu na hadisi, in aka kawo musu ruwaya, kafin su dubi daɗin lafazinta sukan tambayi wa ya ji daga wa, shin sun yi zamani ɗaya, shin sun haɗu, shin akwai abin da zai sa maruwaicin ya yi ƙarya. In aka bi wannan tafarki, abin da ake bukata shi ne a ɗaure abu uku wuri guda: mutumin Stratford, da ɗan wasan Landan, da sunan da ke kan littattafai.

Littafin farko da ya fito da sunansa, doguwar waƙar Venus and Adonis ta 1593, Richard Field ne ya buga shi, shi kuwa haifaffen Stratford ne, ɗan majemi, kuma John Shakespeare na cikin waɗanda suka yi wa kayan gadon ubansa kima a 1592. Ɗan majemi ya buga littafin ɗan baduku, mutanen gari ɗaya. A 1596 aka ba John Shakespeare tambarin gida irin na masu daraja, a 1602 kuwa wani jami'in ofishin tambura, Ralph Brooke, ya yi ƙorafin ana ba waɗanda ba su cancanta ba, ya zana tambarin nan na mutanen Stratford, aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa na ɗan wasa ne. Wannan shaida ce daga bakin maƙiyi, ta ɗaure na farko da na biyu. A 1603 takardar Sarki James da ta mayar da ƙungiyarsu 'yan wasan sarki ta jera sunansa tare da Richard Burbage da John Heminges da Henry Condell.

Sai wasiyyar nan da aka raina. A cikinta mutumin Stratford ya bar wa waɗannan mutum 3, yana kiransu abokan aikinsa, sule 26 da kwabo 8 kowannensu, su sayi zoben tunawa da shi. Gaskiya ne an saƙa wannan magana ne tsakanin layuka, shi ya sa waɗansu suka ce ƙari ne na baya, amma kwafin da aka shigar a littafin kotu sa'ad da aka tabbatar da wasiyyar a watan Yuni 1616 yana ɗauke da ita. Shekara 7 bayan haka, a 1623, biyu daga cikin masu zoben nan, Heminges da Condell, su ne suka tattara wasanni 36 suka buga a babban kundi, 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba, suka ce na abokinsu ne da ya rasu. A muƙaddimar kundin, marubucin wasa Ben Jonson ya danganta shi da kogin Avon, Leonard Digges kuma ya ambaci abin tunawa da aka kafa masa a Stratford, wanda har yau yana jikin bangon majami'ar, da rubutun da ke kwatanta shi da Virgil da Socrates.

Shaidar Jonson ita ce ta fi nauyi a wurina, domin ba yabo kaɗai ya yi ba. Shakespeare ya fito a wasanninsa biyu, ya san shi ido da ido. A 1619, yana baƙunta a gidan mawaƙi William Drummond a Sikotilan, cikin hira ta sirri ya kushe shi da ƙarancin gyara, ya kuma yi masa dariyar sa gaɓar teku a ƙasar Bohemia wadda ba ta da teku. A cikin littafin ajiyar tunaninsa, wanda sai bayan mutuwarsa aka buga, ya koka da cewa abokin nasa yana rubutu da gaggawa ba ya sokewa, tare da furta irin ƙaunar da yake masa. Wanda aka sa shi cikin makircin ɓoye wani basarake ba zai zauna shi kaɗai yana gunaguni kan kurakuran ɗan wasa ba. In aka haɗa masu ɗab'i, da jami'an fada, da abokan sana'a, da 'yan hamayya, da mutanen Stratford da suka bar rubutun nan a bangon majami'arsu, an sami jama'ar da al'ada ba ta yarda su haɗa baki kan ƙarya shekara da shekaru ba tare da ɗayansu ya yi suɓul da baka ba, wannan kuwa shi ake kira tawaturi.

Game da giɓin takardu, ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Wasa a wancan zamani mallakar ƙungiya ne, da zarar an biya marubuci ya fita hannunsa, takardar da aka gama ɗab'i da ita kuwa ba a ajiye ta. Littattafai ana lissafa su ne a takardar ƙididdigar kayan gado, tasa kuma ta ɓace. Haruffan suna ba su tsaya ba tukuna a lokacin, Marlowe kansa, mai digiri biyu daga Cambridge, sa hannunsa ɗaya da ya rage Marley ya rubuta.

Ina ya sami ilmin

Stratford tana da makarantar nahawu ta kyauta ga 'ya'yan gari, 'yar tafiya kaɗan daga gidan John Shakespeare, malamanta kuwa masu digirin Oxford ne. Rajistar ɗalibanta ta wancan zamani ba ta rage ba, ta kowa da kowa, amma da wuya a ce ɗan magajin gari bai shiga ba. Yaran irin waɗannan makarantu tun da asuba har yamma Latin suke haddacewa, suna karanta Ovid da Virgil da Cicero, suna koyon balaga da tsara muhawara ta fuska biyu. A cikin The Merry Wives of Windsor akwai wurin da wani malami ke yi wa yaro mai suna William tambayoyi daga littafin nahawun da ake karantarwa a lokacin, yaron yana amsawa da ɗar-ɗar, uwarsa na tsaye tana saurare. Tarihin sarakunan Ingila daga littafin Holinshed ya ɗebo, na Rumawa daga Plutarch fassarar Thomas North ta 1579, wani lokaci kusan kalma da kalma, duka kuwa ana sayar da su a rumfunan Landan. Kurakuransa ma na mai irin wannan karatu ne: ya sa agogo yana bugawa a Rum ta Julius Caesar, ya sa jarumin yaƙin Troy yana ambaton Aristotle wanda ya zo bayansa da ɗaruruwan shekaru. Masanin da ya kai Bacon ba zai yi haka ba.

Sanin fada kuwa, ƙungiyarsa ta yi ta wasa a gaban sarauniya da sarki a kowace shekara, kuma tun 1603 barorin sarki ne masu sa tufafin fada. Wa ya fi makaɗi sanin fada? Ibrahim Narambaɗa ba ɗan sarki ba ne, amma wanda ya saurari waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Gobir na Isa ya san ya fahimci sarauta, da kishin 'yan sarki, da halin fadawa, fahimtar da masu rawani da yawa ba su yi ba, domin shi yana gefe yana kallo, kuma abincinsa ya dogara ga kada ya yi kuskuren karanta fuska. Ba wanda ya taɓa cewa wani yarima ne ke tsara masa a ɓoye.

Ana iya ƙarawa da cewa wasannin cike suke da kalmomin dukanci, kamar fatar ɗan akuya mai miƙewa da wuƙar fiɗar baduku, amma ba na son dogara ga wannan, domin ita ce hanyar nan ta Looney aka juya ta. Wanda ya nemi rayuwar marubuci a cikin wasa zai sami lauya da soja da likita da baduku duka, gwargwadon abin da ya shiga nema. Abin da nake ganin yana ƙarƙashin shakkar, ko da yake da yawa daga masu ita mutanen kirki ne masu son wasannin da gaske, shi ne wuyar da zuciya ke ji wajen yarda cewa Allah yana ajiye baiwa inda ya so. Kusan duk wanda aka tsayar a madadinsa mai sarauta ne ko mai digiri, alhali Jonson agolan magini ne bai shiga jami'a ba, Thomas Kyd ɗan marubucin takardun ciniki ne, Marlowe kuma ɗan mai ɗinkin takalma. Gidan wasan Landan sana'ar 'ya'yan masu sana'a ce.

Tambayar da ta rage

Duk da haka akwai wata tambaya ta gaskiya game da wanda ya rubuta wasannin, kuma ita malaman fannin ke aiki a kanta. Littafin lissafin Philip Henslowe, mai gidan wasa na Rose, ya nuna mafi yawan wasannin da ya saya mutum biyu ko uku ko fiye suka haɗu suka rubuta, kowa ya ɗauki kashinsa don a gama da wuri. Shakespeare bai fita daga wannan al'ada ba. Jamhurin masana sun yarda akwai hannun George Peele a Titus Andronicus, da na Thomas Middleton a Timon of Athens, da na George Wilkins a Pericles, The Two Noble Kinsmen kuwa da sunansa da na Fletcher aka buga shi a 1634. A 2016 wani bugu na maɗaba'ar jami'ar Oxford ya sa sunan Marlowe tare da nasa a wasannin Henry VI, abin da har yanzu ake saɓani a kansa. Akwai kuma rubutun hannu na wasan Sir Thomas More a babban ɗakin karatu na Birtaniya, mai ɗauke da hannun mutane da dama, wanda shafi 3 daga cikinsa, inda More ke lallashin 'yan tarzomar da ke son korar baƙi daga Landan, mafi yawan masana ke ganin Shakespeare ne ya rubuta su da hannunsa, da soke-sokensa da gyare-gyarensa.

Yadda ake gane inda hannun wani ya tsaya na wani ya kama a cikin wasa guda, ta hanyar ƙidaya ƙananan kalmomin da marubuci ke amfani da su ba da saninsa ba, da yadda yake rufe baiti, da abin da kwamfuta ta ƙara a wannan aiki da inda ta ruɗe, shi ne abin da za mu duba a babi na gaba, kuma da waɗannan shafuka 3 za mu fara.